Rumbun gayya na ilimin lafiya: Najeriya na yawan ɗiba, tana ƙarancin zubawa

A watan Agusta na shekarar 2016, mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta wallafa wani bincike na masana daga Jami'ar Harvard wanda ya girgiza ɗakunan gwaje-gwaje a Amurka. Binciken, wanda Arjun Manrai da Isaac Kohane suka jagoranta, ya shafi wata cutar zuciya ta gado da ke sa tsokar zuciya ta yi kauri fiye da ƙima. Ana ƙiyasin cutar tana samun mutum ɗaya cikin 500, kuma takan kashe matashi farat ɗaya yana tsakiyar wasa. Masanan sun gano cewa an ba wasu mutane sakamakon gwaji da ke nuna suna ɗauke da sauyin ƙwayar halitta mai jawo cutar, alhali sauyin ba shi da wata illa. Waɗanda kuskuren ya faɗa wa 'yan asalin Afirka ne, ko kuma waɗanda ba a rubuta asalinsu ba.

Tushen kuskuren yana cikin yadda aka yi binciken farko shekaru da dama kafin nan. Da aka ga sauyin a jikin marasa lafiya, sai aka duba shi a jikin lafiyayyu domin kwatantawa, kuma akasarin lafiyayyun da aka duba Turawa ne. Da ba a same shi a jikinsu ba, sai aka ɗora masa laifin cutar. Ashe sauyi ne da ya yawaita a tsakanin baƙaƙen fata masu cikakkiyar lafiya. Lissafin masanan ya nuna cewa da an sa ko da 'yan tsirarun baƙar fata a cikin waɗanda aka kwatanta da su, da wuya a faɗa wannan rami.

Irin wannan sakamako na iya sa a hana yaro wasa, a jefa iyali cikin fargaba, a yi ta kashe kuɗi a kan gwajin da ba a buƙata. Yana kuma iya sa a kwantar wa ɗan'uwan mara lafiya hankali a ce ya tsira, alhali ainihin sauyin da ke jawo cutar a gidansu ba a gano shi ba tukuna. Abin da ya tona asirin kuskuren shi ne rumbunan bayanai da aka buɗe wa kowa a intanet, inda masanan suka ƙirga yawan masu ɗauke da sauyin a tsakanin al'ummomi daban-daban.

A yau, likitan da ke karanta sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta a Abuja, da mai binciken zazzaɓin cizon sauro a Zariya, da jami'in da ke bibiyar ɓarkewar zazzaɓin Lassa, duk daga irin waɗannan rumbuna suke ɗiba. Abin da aka zuba a cikinsu shi ake auna marasa lafiyar Najeriya da shi, kuma kason da ƙasar ta zuba bai kai kusa da abin da take ɗiba ba.

Yadda aka kafa gayyar

Manomi ya san gayya: a taru a gonar wani yau, gobe a koma ta wani, kowa ya kawo fartanyarsa. Rumbunan ilimin halittu sun taso ne a kan irin wannan fahimta. A shekarar 1971 aka kafa Protein Data Bank a ɗakin bincike na Brookhaven da ke jihar New York, da sifofin furotin guda bakwai kacal. Ƙa'idarsa ita ce duk wanda ya gano sifar wani furotin ya ajiye ta a nan domin kowa ya gani. A farkon 2023 sifofin da ke cikinsa sun haura 200,000. Da waɗannan bayanai aka horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta AlphaFold, wadda ke hasashen sifar furotin, har masu ita, Demis Hassabis da John Jumper, suka samu kaso a lambar yabo ta Nobel a fannin sinadarai a 2024. Aikin dubban ɗalibai da malamai na tsawon shekara hamsin ne ya zama tubalin wannan nasara.

A 1982 aka kafa GenBank a Amurka domin ajiye jerin haruffan DNA, kuma yana musayar bayanai kullum da takwarorinsa biyu na Turai da Japan. A 1996, lokacin da ake tsakiyar gagarumin aikin karanta ɗaukacin ƙwayoyin halittar ɗan Adam, jagororin aikin suka yi taro a tsibirin Bermuda suka amince cewa duk abin da aka karanta a sake shi ga jama'a cikin awa 24. Wannan shawara ta hana a mayar da kundin halittar ɗan Adam dukiyar wani kamfani, ta kuma zama al'adar da mujallun kimiyya suka ɗauka: ba za a buga maka bincike ba sai ka nuna lambar ajiyar bayananka a rumbun da kowa zai iya shiga.

Ajiye haruffa abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da fassara su. Kundin halittar mutum yana da haruffa kimanin biliyan uku, kuma kowane mutum ya bambanta da kundin da ake aunawa da shi a wurare miliyan huɗu zuwa biyar. Akasarin waɗannan bambance-bambance ba sa yin komai. Kaɗan ne ke jawo cuta. Rarrabe tsakaninsu ya fi ƙarfin asibiti ɗaya ko ƙasa ɗaya, domin wani sauyin sai an tara rahotanni daga iyalai a nahiyoyi uku kafin a gane matsayinsa.

Wa ke tace abin da aka zuba

Domin wannan aiki na fassara ne Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, waɗanda aka fi sani da NIH, suka buɗe ClinVar a 2013. Ɗakin gwaji a ko'ina a duniya na iya aika hukuncinsa a kan wani sauyi tare da hujjojinsa. Ana bin matakai biyar da ƙungiyoyin masana suka tsara a 2015: mai jawo cuta, mai yiwuwar jawo cuta, wanda ba a san matsayinsa ba, mai yiwuwar rashin illa, da marar illa. Idan ɗakuna biyu suka saɓa, rumbun ba ya ɓoye saɓanin, yana nuna shi a fili. Kowane hukunci na da taurari daga sifili zuwa huɗu gwargwadon ƙarfin tantancewar da aka yi masa, ta yadda likita zai bambance ra'ayin ɗaki ɗaya da matsayar kwamitin ƙwararru.

A fannin cutar daji akwai CIViC, wanda tagwayen masana Malachi da Obi Griffith suka kafa a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis, aka kuma gabatar da shi a mujallar Nature Genetics a 2017. Duk mai ilimin abin na iya yin rajista ya shigar da bayani a kan yadda wani sauyi ke shafar tasirin magani, amma da sharaɗi biyu. Dole ya jingina maganarsa ga binciken da aka wallafa, kuma dole wani edita daban ya duba kafin a amince. Ba wanda ke sa wa aikinsa hannu da kansa, kuma tarihin kowane gyara yana nan a rubuce da sunan wanda ya yi shi.

Akwai kuma hanyar da ta fi kowace buɗewa. A 2008 Andrew Su da abokan aikinsa suka ƙirƙiri dubban shafuka a Wikipedia, kowane shafi na ƙwayar halitta guda, domin masu sha'awa su faɗaɗa su. Bayan an kafa Wikidata a 2012, aikin ya koma can, inda ake haɗa ƙwayoyin halitta da cututtuka da magunguna ta hanyar da kwamfuta za ta iya bi ta amsa tambaya. A Wikidata kowane abu lamba yake da ita, sunan kuma ana iya sa shi da kowane harshe. Zazzaɓin cizon sauro, alal misali, shi ne Q12156, ko an kira shi da Hausa ko da Larabci ko da Faransanci. Wannan ya sa ɗan sa-kai a Kano ko Maraɗi da ya shigar da sunan cuta da Hausa yana ƙara wani abu a rumbun da manhajojin bincike na duniya ke karantawa.

Masu shakka sukan tambaya yadda za a amince da abin da kowa ke iya taɓawa. Tambayar tana bisa hanya, domin ana samun kurakurai, kuma ClinVar kansa yana ɗauke da tsofaffin hukunce-hukunce da ba a sabunta ba. Amsar masu kula da rumbunan ita ce kuskuren da ke a fili ana iya ganinsa a gyara, na cikin akwatin kamfani kuwa sai ranar da ya yi ɓarna. Tarihin gwajin cutar dajin mama ya ba su hujja. Kamfanin Myriad Genetics, wanda ya riƙe haƙƙin mallaka a kan ƙwayoyin BRCA1 da BRCA2, ya daina zuba bayanansa a rumbun jama'a wajen 2004. Ko bayan Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a watan Yuni na 2013 cewa ba a mallakar ƙwayar halitta kamar yadda take a jiki, tarin bayanan fassarar sun ci gaba da zama a hannun kamfanin. Sai da likitoci suka riƙa tattaro rahotannin da aka aiko wa majinyatansu ɗaya bayan ɗaya, suna cire sunaye, suna zubawa a ClinVar.

Waɗanda ba a ƙirga ba

Afirka ce nahiyar da ta fi kowace yawan bambancin ƙwayoyin halitta, domin a nan ɗan Adam ya fi daɗewa, kuma waɗanda suka yi ƙaura zuwa sauran nahiyoyi wani yanki kawai na wannan bambanci suka tafi da shi. Duk da haka, ƙididdigar da Alice Popejoy da Stephanie Fullerton suka wallafa a mujallar Nature a 2016 ta nuna cewa kashi 81 cikin 100 na mutanen da aka sa a manyan binciken alaƙar ƙwayoyin halitta da cututtuka 'yan asalin Turai ne. 'Yan asalin Afirka kimanin kashi uku ne, kuma da yawansu mazauna Amurka ne.

Najeriya na cikin ƙasashen Afirka da suka fi samun wakilci, amma wakilcin ƙunci gare shi. A aikin 1000 Genomes, wanda aka kammala a 2015 da mutane 2,504 daga al'ummomi 26, Najeriya ta samu gurbi biyu: Yarabawan Ibadan da al'ummar Esan ta jihar Edo. Babu Hausawa, babu Fulani, babu Kanuri, babu Tibi. Shekaru da dama samfurin Ibadan ne masu bincike a ƙasashen waje suka riƙa ɗauka a matsayin wakilin Afirka ta Yamma baki ɗaya.

Girman abin da ya ɓace ya bayyana a watan Oktoba na 2020, lokacin da shirin H3Africa ya wallafa sakamakon karanta kundin halittar mutane 426 daga ƙabilu 50 a ƙasashe 13, ciki har da Birom na Filato. A cikin wannan ɗan adadi kaɗai an samu sauye-sauye fiye da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa a ko'ina ba. A aikace, wannan na nufin mara lafiya daga Sakkwato ko Maiduguri da aka yi wa gwaji ya fi Bature fuskantar yiwuwar a dawo masa da sakamakon da ke cewa ba a san matsayin sauyinsa ba. Ya biya kuɗin gwaji mai tsada, ya koma gida babu amsa.

Haka abin yake a wajen magani. Sauyin da ke rage saurin narkar da efavirenz, maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka, abin da ke sa maganin ya taru a jini ya jawo jiri da munanan mafarkai. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, yana sa wasu magunguna su farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Ma'aunin maganin da aka tsara a kan jikin wata al'umma ba lallai ya dace da wata ba, kuma rumbun da zai faɗa wa likita haka sai an cika shi da bayanan mutanen da yake dubawa.

Darasin sikila

Babu cutar da ta fi nuna wannan giɓi kamar sikila, wato amosanin jini. Ita ce cuta ta farko da aka gano tushenta a matakin sinadari: Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa sinadarin jinin masu ita ya bambanta, sannan Vernon Ingram ya gano a 1956 cewa bambancin na tubali ɗaya ne tak. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar. Ana ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a kowace shekara, kuma kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabin gadonta.

Duk da tsufan wannan ilimi, asibitoci sun daɗe ba su da harshe guda na rubuta alamominta. Abin da wani likita zai rubuta a matsayin tashin ciwo, wani zai rubuta ciwon ƙashi, wani kuma ya yi amfani da taƙaitaccen suna da shi kaɗai da ɗalibansa suka sani. Idan aka zo haɗa bayanan asibiti goma, sai a rasa ta inda za a kama. Domin magance wannan ne masana daga Afirka da wasu nahiyoyi suka fara zama a Cape Town a 2016, suka tsara ƙamus na bai-ɗaya na cutar mai kalmomi kusan 1,500, kowace da ma'anarta da lambarta da alaƙarta da sauran. An wallafa shi a 2019, kuma kowa na iya sauke shi kyauta.

A kan wannan ƙamus aka gina rajistar marasa lafiya ta haɗin gwiwar SickleInAfrica, wadda ta fara a 2017 da Najeriya da Ghana da Tanzaniya, ta tara bayanan mutane fiye da 13,000 a zangon farko, daga baya ta faɗaɗa zuwa Mali da Uganda da Zambiya da Zimbabuwe. Reshen Najeriya yana Jami'ar Abuja a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Obiageli Nnodu. A Arewa kuma, gwajin da aka gudanar a asibitocin Kano da Kaduna a kan amfani da maganin hydroxyurea wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki ya nuna cewa ana iya samar da ilimin da duniya za ta yi aiki da shi daga nan gida. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Sai dai kuɗin waɗannan ayyuka, kusan dukkansu, daga NIH ta Amurka suka fito.

Ladan gaggawa da hukuncinta

A lokacin annoba ne amfanin buɗe bayanai ya fi fitowa fili. A 2014, masanan da suka karanta kundin ƙwayar Ebola guda 99 daga majinyata 78 a Saliyo sun riƙa sakin bayanan tun kafin a buga bincikensu, kuma biyar daga cikin marubutan sun rasu da cutar kafin mujallar ta fito. A ranar 11 ga Janairu, 2020, Zhang Yongzhen na birnin Shanghai da Edward Holmes na Jami'ar Sydney suka saki kundin ƙwayar korona ga duniya. Cikin kwana biyu kamfanin Moderna da masanan NIH suka kammala tsara fasalin allurar rigakafinsu.

Najeriya ta taka rawa a wannan fage. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, kuma a farkon Maris cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da hukumar NCDC da sauran abokan aiki, ta saki kundin ƙwayar. Shi ne na farko daga nahiyar Afirka. Cibiyar ta riga ta yi irin wannan aiki a ɓarkewar Lassa ta 2018, inda bayanan suka nuna cewa yawancin masu cutar daga ɓeraye suka ɗauka, kuma babu alamar wani sabon nau'i mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane. Wannan ya taimaka wa hukumomi su san inda za su karkata ƙarfinsu.

Amma gaskiya ta taɓa jawo wa masu faɗinta hukunci. A ƙarshen Nuwamba na 2021, masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in Omicron suka sanar da duniya nan take. Sakayyar da suka samu ita ce rufe wa ƙasashensu hanyoyin jiragen sama. Birtaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga daga ranar 6 ga Disamba, ta janye a ranar 15 ga watan, bayan ta bayyana cewa nau'in ya riga ya bazu a cikinta. Tun kafin nan, a 2007, Indonesiya ta ƙi ci gaba da ba da samfurin murar tsuntsaye, tana cewa ana yin rigakafi da shi a sayar da tsadar da ba za ta iya saya ba. Wannan taƙaddama ce ta haifar da tsarin rabon amfani na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011, kuma ita ce ta sake zama ƙashin bayan muhawarar yarjejeniyar annoba da aka amince da ita a watan Mayu na 2025, inda aka ɗage batun musayar ƙwayoyin cuta da rabon amfaninsu zuwa wani zagaye na tattaunawa.

Saboda haka jami'in da ke ɗari-ɗari da sakin bayanai yana da dalili. Sai dai riƙe su ma yana da tsada, domin kayan gwaji da rigakafi ana ƙera su ne a kan nau'in da aka gani a rumbu. Nau'in da ke yawo a Ebonyi ko Bauchi, idan ba a zuba shi ba, ba za a gwada kayan aiki a kansa ba.

Kayan aro

Shiga rumbunan kyauta ne, amma kula da su na cin kuɗi. Ana biyan albashin masu tace bayanai, waɗanda akasarinsu masu digirin digirgir ne da ke wuni suna karanta bincike suna fitar da abin da ya tabbata. Ana biyan kuɗin na'urori da wutar lantarki da masu gyaran manhaja. Mafi yawan wannan nauyi yana kan 'yan hukumomi kaɗan a Amurka da Turai, kuma idan ɗaya ta sauya ra'ayi, duniya ce ke ji a jikinta.

PlasmoDB misali ne da ya shafi Najeriya kai-tsaye. Shi ne rumbun da masu binciken ƙwayar zazzaɓin cizon sauro suka dogara da shi tun kafin a kammala karanta kundinta a 2002, kundin da ke da ƙwayoyin halitta kimanin 5,300. Daga baya ya zama wani ɓangare na babban rumbun VEuPathDB, wanda ya haɗa da ƙwayoyin cututtuka irin su ciwon barci da kuma sauro kansa. A watan Satumba na 2024 kwangilar da ke ɗaukar nauyinsa daga gwamnatin Amurka ta ƙare, masu kula da shi suka koma neman gudummawa daga ɗakunan bincike da jami'o'in da ke amfani da shi. Najeriya, wadda rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nuna tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin a duniya, ba ta da kujera a teburin da aka yanke wannan shawara. Shi ma shirin H3Africa, wanda NIH da gidauniyar Wellcome suka ɗauki nauyinsa, ya kammala zangon tallafinsa na shekara goma a 2022, ya bar ma'ajiyoyin samfura uku a nahiyar, ɗaya daga cikinsu a Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cututtukan Ɗan Adam da ke Abuja. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ke hannun ma'aikatu

Yawancin abin da ke hana Najeriya zubawa a waɗannan rumbuna lamari ne na takarda da kasafi, irin wanda ake warwarewa a ofis.

Na farko shi ne doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta sa bayanan lafiya da na ƙwayoyin halitta a rukunin bayanai masu matuƙar sirri, ta kuma ɗora sharuɗɗa a kan fitar da su waje. Wannan kariya ce da ake buƙata, domin kundin halittar mutum yana tona na iyayensa da na 'ya'yansa, kuma a al'ummar da sakamakon gwajin jini ke raba aure, fallasa ba ƙaramin abu ba ce. Amma akwai bambanci tsakanin ɗanyen kundin mutum, wanda ake kullewa sai mai izini, da hukunci a kan wani sauyi ko ƙididdigar yawansa a cikin jama'a, waɗanda ba sa ɗauke da sunan kowa. Idan Hukumar Kare Bayanai da Kwamitin Ƙasa na Ɗa'ar Binciken Lafiya suka fitar da jagora guda da ke fayyace wannan bambanci, shugaban asibiti zai sa hannu ba tare da fargaba ba. Inda jagora ta yi duhu, jami'i mai taka-tsantsan yakan zaɓi ya ce a'a.

Na biyu shi ne takardar neman yardar majinyaci. Idan ba a faɗa wa mutum tun farko, da harshen da yake ji, cewa za a iya raba bayanansa bayan an cire sunansa ba, to babu halin yin haka daga baya. Fassara waɗannan takardu zuwa Hausa da sauran harsuna, da kalmomin da aka daidaita, aiki ne da ya kamata a yi sau ɗaya a raba wa kowa.

Na uku shi ne lada. Ƙarin girma a jami'o'i da asibitocin koyarwa yana tafiya ne da yawan maƙalun da aka wallafa. Malamin da ya shafe wata shida yana tace bayanai yana shigarwa a ClinVar ba shi da abin da zai nuna wa kwamitin ƙarin girma, ko da likitoci dubu sun amfana. Rumbunan suna ba kowace gudummawa lamba da sunan mai ita, don haka ƙirga ta ba shi da wuya idan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da majalisun jami'o'i suka yarda a ƙirga.

Na huɗu shi ne kasafi. Ya fi sauƙi a sa sayen na'ura a kasafin kuɗi, domin ana ganinta ana ɗaukar hotonta ranar ƙaddamarwa. Albashin wanda zai tace abin da na'urar ta fitar, da kuɗin intanet, da na ajiyar bayanai na shekara biyar, su ne ake fara yankewa. Asusun TETFund da sauran masu ba da tallafin bincike na iya bin sawun NIH, wadda tun Janairun 2023 take buƙatar kowane mai neman tallafi ya gabatar da tsarin yadda zai adana bayanansa ya kuma raba su, tare da ba shi damar sa kuɗin hakan a cikin lissafinsa.

Ko wane mataki aka ɗauka a Abuja, rumbunan za su ci gaba da cika, manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake shirin kawowa asibitoci kuma daga cikinsu za su koyi abin da za su faɗa wa likita. Yaron da za a yi wa gwaji a Gusau nan da shekara goma, za a auna sakamakonsa da abin da aka zuba a yau.